Wankin Faifan Likita

"Ni fa idan aka sa kiɗa, ina gane ko mai gogen da ke layi na uku ya karya kumallo ko bai karya ba."

Abokina, kada ka kalle ni, ba ni na faɗa ba. Maganar Kunnen Zinare ce, wani tsohon akawu da ya yi ritaya, wanda ya raɗa wa kansa wannan suna da bakinsa, mu kuma a bayan idonsa muke ce masa Sarkin Cika Baki. Mu shida ne muke haɗuwa duk Asabar da yamma a ƙuryar shagon Mai Agogo, mu saurari tsofaffin fayafayan garmaho na kiɗan nan da mutum tamanin ke taruwa a kai, masu goge da sarewa da ƙaho, wani mai 'yar sanda yana kaɗa musu hannu. Dokarmu ɗaya ce: kujeru na fuskantar sifika, garmaho na bayanmu, da kiɗa ya tashi kowa ya rufe ido ya kame baki har ya ƙare. Sannan a buɗe musu. Musun kuwa kullum Kunnen Zinare ke ci, ba don ya fi mu sani ba, sai don ya fi mu yawu.

A cikinmu akwai Likita, tsohon likitan haƙori, mutum mai sanyin magana. Yana da wani faifai da mahaifinsa ya bar masa, shekara arba'in yana lallaɓa shi, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba. Aibin faifan ɗaya ne, yana ƙas-ƙas kamar ana soya ƙwai a bayan makaɗan.

Ranar da ya sa mana shi, muna buɗe ido Kunnen Zinare ya yi tsaki.

"Likita, wannan ai ba kiɗa ba ne, suya ce. Datti ya cika ramukan. Ba ni shi mako guda, in wanke maka shi fes."

"Bar shi, Malam," in ji Likita. "Tsufa ne. Tare muka tsufa da shi."

"Haba! Kai da ka ƙare rayuwarka kana kankare haƙoran mutane, yau kake tsoron wanki? Fayafayai nawa na wanke a duniya!"

Ko ɗaya bai taɓa wankewa ba. Amma ya yi ta naci har kunya ta kama Likita, ya miƙa masa faifan da hannu biyu, ya ce, "Amana ce."

Abin da ya faru a gidan Kunnen Zinare kuwa, matarsa ce ta ba matata labari, don haka ba ƙari. Ashe gogan naka ya gani a waya ana shafa wa faifai farin gam na kafinta, idan ya bushe a ɓare shi ya fito da datti. Dabarar gaskiya ce. Amma shi ya raina farin gam, wai na yara ne. Sai ya nufi wurin mai gyaran takalmi.

"Ranka ya daɗe, wannan gam ɗin fa idan ya kama ba ya saki," in ji mai gyaran.

"Abin da nake nema ke nan. Ka tsaya a kan takalminka, ka bar wa masana aikinsu."

Ya lafta wa faifai gam, gaba da baya. Kwana biyu yana ƙwaƙule da farce, gam ya ce ni da faifan nan mutu ka raba. Sai ya ce zafi yake so. Ya ɗora shi a kan rufin mota da tsakar rana, ya shiga ya ci abinci, barci ya kwashe shi. Da ya farka, faifai ya naɗe baki ya koma kwano.

Matarsa ta leƙo. "Maigida, wannan na wanke hannu ne ko na ruwan kaji?"

"Ke dai ba ki san kimiyya ba. Ina dutsen guga?"

Ya jawo wani zani mai furanni ja da kore daga kan igiya, bai duba na wa ba, ya rufa wa faifan, ya danna dutse. Faifai bai miƙe ba, zani kuma ya manne. Ya sa almakashi ya yanke shi zagaye. Sai da yamma baiwar Allah ta ɗaga zaninta na fita unguwa ta hango maigidanta ta tsakiyarsa.

Mai hankali a nan zai je ya durƙusa gaban Likita ya ce na yi ɓarna. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya lalubo kiɗan nan dai a wayarsa, ya tuna sifikar Mai Agogo ta zamani ce, tana karɓar garmaho tana karɓar waya. Ranar Asabar ya riga kowa zuwa, ya haɗa abin da zai haɗa, ya tsaya ya kare garmaho da babbar rigarsa.

"Kowa ya zauna ya rufe ido! Yau za ku san bambancin kunne da ganye."

Muka rufe. Kiɗa ya tashi garau, ba ƙas ko ɗaya. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na saci kallon Likita, na ga hawaye na gangaro masa, sai na ji kunyar duk zagin da na yi wa Kunnen Zinare a zuci.

Shi kuwa ya kasa haƙuri, ya karya doka. "Kun ji? Wannan ɗumin sauti sai faifai. Masu sauraro a waya ai gwangwani suke ji. Ni daga nisan zango nake gane kiɗan waya!"

Goge ya yi ƙasa, ya yi laushi, ya iso daidai wurin da Likita ke cewa mahaifinsa kan dafa ƙirji. Sai kiɗa ya yanke ɗif, wata murya ta daka tsawa:

"Kana fama da basir? Zama ya gagare ka? Kukanka ya ƙare!"

Mu biyar muka buɗe ido tare. Kunnen Zinare na ta dannar aljihu kamar wanda kunama ta shiga wa wando, talla kuwa sai zuba take, tana lissafa alamomi dalla-dalla, har da lambar waya.

"Wannan... wannan layi ne ya haɗu," in ji shi.

"Layin wa?" in ji Mai Agogo. "Matsa mu gani."

Ya matsa. Ga kwano mai furanni ja da kore yana juyi a kan garmaho yana rangaji, allura na can gefe a ɗage.

Dariya ta zo mini har wuya ta koma, don na ga fuskar Likita. Ya tashi a hankali, ya kashe garmaho, ya ɗauki abin da hannu biyu kamar yadda ya bayar da shi. Ya shafa furannin. Sarkin Cika Baki ya raɓe jikin bango.

Can Likita ya ɗago, da sanyin muryar nan tasa.

"Malam, sannu da aiki. Shekara arba'in ina jin faifan nan, ban taɓa sanin mahaifina ya ɓoye maganin basir a ƙarƙashin datti ba. Rubuta lambar da suka faɗa, don a shagon nan dai zama ya gagare ka."