Ranar da Na Juya Komadugu

Shekarar da tashin hankali ya sa aka rufe lakol, wato makaranta, na ce da maƙwabta karantar da yara a gida ba wuya, su turo mini nasu. Na zana kogi a inuwar dogon yaro, a raina har ina hango su likitoci cikin fararen riguna.

Na ce, "Komadugu daga Tafkin Chadi yake fitowa, ya gangara yamma."

Wata mata da ke wucewa, Ya Falmata, wadda ta yo hijira daga Damasak, ta ajiye tulunta. "Malam, da goyo na tsallake shi. Gabas ya ja zanina."

Har yau masu noman tattasai in sun hango ni sai su ce, "Malam, yau ina ka tura mana ruwan?"