Kan Famfon Gidan Surukai

Na kai matata ganin gida Ƙaura, na tarar surukina yana jiran mai gyara ya zo ya cire kan famfon banɗaki da tsatsa ta cinye.

"Baba, wanga ai bai kai a kira wani ba," na ce, ni da ko ƙwan lantarki ban taɓa canjawa ba.

Na ɗiga manja, na kafa sifana, na ja iya ƙarfina. Kan bai motsa ba, bututun ne ya ɓalle cikin bango. Ruwan tankin gidan kaf a kaina ya ƙare.

Surukina ya ce, "Sannu, Injiniya."

Har yau ko ruwan sama aka fara, ƙannen matata sai sun bugo waya: "Injiniya, mi kat taɓa kuma?"