Gaisuwar Suruki a Taragon Tsofaffi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaban surukina ba. Shi ma na tabbata ba zai manta ba, tunda abin da ya fi daɗewa yana kallo a jikina ran nan ba fuskata ba ce.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gomari, ina kuma neman Saraya, wadda muka haɗu da ita a ƙungiyar mawaƙan coci. Da magana ta yi nisa, sai ta ce babanta yana son ya gan ni ni kaɗai kafin manyana su zo. Baban nata, Baba Ishaya, tsohon ma'aikacin reluwe ne. A taragon ƙugiya ya ƙare aikinsa, wato wanda ake turawa ya ɗago jirgi idan ya kauce daga layi.

"Ba a gida za ka same shi ba fa," in ji Saraya. "Ka je tashar jirgin ƙasa ka tambayi taragon tsofaffi. Kuma don Allah kada ka cika surutu." (Ta san halina.)

Duk wanda ya san Maiduguri ya san an daɗe rabon da jirgi ya shigo mana. Taragai na nan jere sun yi tsatsa, awaki na kwance a inuwarsu. Amma mutane ba su bar su a banza ba. Na wuce wani da tela ya kafa kekensa a ciki, na wuce wani cike da buhunan gawayi. Na tsofaffin shi ne na ƙarshe a jerin. A da, a cikinsa leburorin gyaran layi ke kwana idan aiki ya kai su daji, don haka har yanzu akwai gadajen ƙarfe masu hawa biyu da ɗan murhu a kusurwa. 'Yan fansho sun mai da shi majalisarsu, sun shimfiɗa tabarmi, sun ɗora zana a kan rufin saboda zafi, sun kafa masa matakalar katako.

Na hau cikin sabuwar shadda da ta sha sitati, na kafa hula, ina ta ƙamshin turare. Mutum biyu na tarar suna shan shayi: Baba Ishaya, dogo marar yawan magana, da amininsa Ba Modu, wanda suka yi aiki tare tun suna samari.

"Wushe, wushe, Malam," in ji Ba Modu, yana yi mini sannu da yarensu. "Wuce ciki, can ƙurya ta fi iska."

Na durƙusa na gaishe su, na wuce can ƙuryar na zauna kusa da wata 'yar taga. Baba ya tambayi iyayena, ya tambayi ƙauyenmu, ya tambayi aiki. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka san irin abin da muka gani a garin nan. Idan wata rana abu ya taso, yaya za ka yi da 'yata?"

Nan fa bakina ya buɗe. Na ce, "Baba, ni ba na tsoro. Ko sama za ta faɗo, ina nan tsaye a gaban Saraya. Sai dai a bi ta kaina." Na ci gaba, har da dukan ƙirji. Ina cikin haka na ga dattawan nan biyu sun ɗaga kofunan shayinsu daga kan akwati a lokaci ɗaya. (Wallahi na ɗauka jinjina suke mini.) Sai na ƙara murya: "Ni, Baba, ko wuta ce..."

GARAM!

Taragon ya girgiza, ƙura ta zubo daga rufi, ƙarafa suka ɗauki ƙara. Ban yi shawara da kowa ba. Na dai ji wata murya mai kama da tawa tana ihu, "Bom! Bom! Wayyo Yesu!" Ƙofa ta yi mini nisa, sai na afka wa tagar nan. Kai ya fita, kafaɗu suka fita, hannaye suka fita. Da aka zo kan ciki, taga ta ce ba ta san zance ba.

Na yi gaba, na kasa. Na yi baya, na kasa. Rabina a waje, rabina a ciki, ƙafafuna na wutsil-wutsil a sama.

Da na ɗaga kai, ban ga hayaƙi ba, ban ga kowa yana gudu ba. Abin da na gani tarakta ce ta turo wani tsohon taragon tankin ruwa, ya zo ya daki bayan namu ya tsaya. Ga direban yana kallona, ga mata da jarkokinsu sun saki baki. Ɗaya ta matso ta ce, "Sannu, Malam. Lafiya dai?"

Gaskiya, abin da na fara ji sanyi ne a zuciya. Babu bom, babu wanda ya ji ciwo, kowa na da ransa. Sai bayan haka na tuna wane ɓangare na jikina na bar wa baban Saraya yana kallo.

Daga bayana na ji muryarsa, a natse kamar yana ba da umarni a wurin aiki: "Ba Modu, kama waccan ƙafar. Ɗana, saki numfashi, ka tsuke ciki. To, ja!"

Suka ja. Na dawo ciki da ƙarfi, shaddar ta ce ƙeee tun daga hammata har ƙugu. Na zauna a tabarma na sunkuyar da kai. A raina na riga na yi ban kwana da Saraya, har na fara tunanin cocin da zan koma inda ba a san ni ba.

Ba Modu ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu kansa ya ce, "Ishaya, mun ɗago injin jirgi daga rami, amma ba mu taɓa ciro malamin makaranta daga taga ba sai yau."

Baba bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa na rawa. Ya zuba shayi ya miƙo mini. Ya ce tankin nan a da shi ke kai wa ƙananan tashoshi ruwa, yanzu an matso da shi ne don mutanen kwatas su riƙa tara ruwa a ciki. Su sun ji tahowarsa ta ƙarfen da ke ƙarƙashinmu, shi ya sa suka ɗauke kofunansu.

Sannan ya ce, "Duk abin da ka faɗa ɗazu, ban yarda da ko ɗaya ba. Amma wannan da na gani da idona, na yarda da shi. Mu ma nan duk mun yi gudu a garin nan, shi ya sa muke zaune muna shan shayi. Ba na son mai tsayawa ya bar 'yata gwauruwa. Abu biyu kawai nake roƙonka. In za ka gudu, ka bi ta ƙofa. Kuma ka riƙe hannunta."

Na ɗago kai ban gane ba.

"Ka turo manyanka," in ji shi.

Ban san lokacin da na sake durƙusawa ba. Na fito ina riƙe da yagaggiyar riga da hannu ɗaya, na tari keke, ina ta murmushi ni kaɗai har mai keken ya riƙa leƙena ta madubi. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Saraya ta kira, ta kasa cewa komai don dariya, ta kashe, ta sake kira.

Yau muna da 'ya'ya, kuma har yanzu in na je gaishe da Baba, Ba Modu kan tashi da sauri ya rufe tagar nan, wai don kariya. Ni dai na koyi darasina: kafin bakina ya yi wa wani alƙawarin jarumta, sai na fara tambayar ƙafafuna ko da su aka yi shawarar.