Jirgin Ingila Ba Motar Makarfi Ba Ne

Tsufa ya zubar mini da abubuwa da yawa daga kai, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da jirgin ruwa ya tafi ya bar ni a Saliyo ba, ina tsaye a bakin tasha da zakara a hammata. Jikokina sun ji labarin ya fi sau goma, sai dai kullum nakan rage masa wani abu. Yau zan faɗe shi yadda ya faru, tunda kunyar ma ta tsufa tare da ni.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina malamin firamare a Kudan sai takarda ta zo cewa an zaɓe ni in je Ingila kwas na wata tara. Ranar tafiyata rabin unguwa ne ya rako ni bakin mota. Mahaifina bai yi doguwar magana ba, cewa kawai ya yi, "Ka je ka dawo, kada ka ba mu kunya." Inna kuwa mazarƙwaila ta ƙulle mini a tsumma, wai in na ji kewar gida in ɗan gutsura. Na sa a aljihu ina dariya a raina (ni da zan je Ingila, wa yake ta mazarƙwaila?).

Jirgin ƙasa ya kai mu Legas, daga nan muka shiga na ruwa. Ɗaki ɗaya aka ba mu da Malam Yusha'u, wani malami daga Ikara da aka zaɓe mu tare. Mutumin kirki ne, amma da agogo yake numfashi. Ko shayi zai sha sai ya duba hannu.

Ni kuwa teku ce ta tafi da hankalina. Da hantsi nakan jingina da ƙarfen gefen jirgi in yi ta kallon ruwa har in manta inda nake. Idan iska ta taso, ruwan yakan kwanta ya tashi kamar fadamar rake ta bayan garinmu, sai in ji kamar in na ƙura ido zan hango masu sara da hayaƙin masu dafa mazarƙwaila. Babu ƙauye, babu bishiya, babu wanda zai wuce ka ce masa sannu. Kwana da kwanaki ina cikin wannan hali, rabina a jirgi, rabina a Kudan. Ashe kewar da na yi wa dariya tun a Legas ta shigo jirgin tare da ni.

Wata safiya muna karin kumallo aka sanar cewa za mu tsaya a babban birnin Saliyo. Mai son sauka ya ga gari yana iya sauka, amma kowa ya dawo kafin ƙarfe uku, kuma za a busa jiniya sau uku. Malam Yusha'u ya fara gyara agogo. Ni kuma na gyara zama, don an zo fagen da na fi kowa sani.

Ka san ni ɗan motar kasuwar Makarfi ne. Tun ina saurayi nake binta, na san halin direba ciki da waje. Zai danna hon, ya tayar da inji, har ya ɗan ja motar gaba kamar da gaske. Baƙi ne kawai suke gudu. 'Yan gari sukan ci gaba da cinikinsu, don sun san motar ba za ta tashi ba sai an yi la'asar, sai mai buhun barkono ya zo, sai direba ya gama cin tuwonsa. In kuwa ka ajiye hula a mazauninka, to ko ka kai magariba za a aika a nemo ka.

Wannan ilimi na zuba wa mutanen teburinmu, har da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ibadan da wasu ɗalibai biyu, cikin Turancina mafi tsada. Na ce, "Jiniyar farko ta tsoratarwa ce. Ta biyu ta masu saurin firgita. Ta uku ita ce za ka fara sallama da mutane. Duk direbobin duniya halinsu ɗaya."

Malam Yusha'u ya ce, "Malam, wannan fa jirgi ne."

Na ce, "Jirgi ma ai mutum ne yake tuƙa shi."

Kafin in sauka na ajiye hulata a kan gado, na kuma gaya wa mai gyaran ɗaki cewa zan dawo. Ya ce to. A wurina magana ta ƙare.

Garin yana kwance ne a gindin duwatsu masu kore shar, gajimare na sauka a kansu kamar audugar da aka gurje. Na rabu da ayarin masu yawo tun a kwanar farko, don sauri suke yi kamar ana korarsu. Ina tafe a hankali, ƙasa na ɗan lilo a ƙafata saboda sabo da jirgi, har na faɗa wata kasuwa. A nan na ji wani ya ce, "Ɗan samari, wannan ɗinkin rigar ai na Zazzau ne."

Na juya. Wani tsoho ne zaune a gaban huhun goro, gemunsa fari fat. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa irin ta gida wadda ba a yi mata gaggawa. Sai na lura sai na ɗaga murya yake ji. Ya ce sunansa Tanko. Na ce masa daga Kudan nake. Can ya ce, "Ni mutumin Taba ne."

Taba kuwa garin kakannina ne na wajen uwa. Baba Tanko ya rufe goronsa, ya kama hannuna, ya ce ba zai yiwu ɗan gida ya zo ya tsaya a kasuwa ba. Ya tambayi yaushe zan koma, na ce sai bayan la'asar (ka ji inda na fara haƙa wa kaina rami).

Gidansa na can saman tudu, daga ƙofa ana hango teku. Ya shimfiɗa mini tabarma, matarsa, 'yar ƙasar ce, ta kawo shinkafa da miyar ganye. Sannan tambaya ta fara. Tsamiyar bakin rafi tana nan? Tana nan. Liman Audu fa? Allah ya yi masa rasuwa tun ina yaro. Ya yi ta jero sunaye ina ta cewa Allah ya jiƙansa, har na fara jin nauyin bakina. Daga ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ina da ƙanwa, Indo. Na baro ta ba ta fi haka ba." Ya nuna tsayin gwiwarsa.

Na ce, "Baba, Indo mai daddawa? Tana nan da ranta, jikokinta sun cika gida."

A daidai nan jiniyar farko ta tashi daga can ƙasa. Shi bai ji ba. Ni na ji, na yi murmushi irin na masana.

Na tuna da ƙullin Inna, na ciro na gutsura masa. Ya sa a baki, ya rufe ido. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya yi tafiya mai nisa yana zaune wuri ɗaya irin ta ranar ba. Hawaye na bin gemunsa yana tsotsa a hankali, kamar yana tsoron kada ta ƙare. Ni ma na gutsura, muka zauna mu biyu muna kallon teku, iska na kaɗa ganyen ayaba. A raina a Taba muke, a gindin tsamiya. Jiniya ta biyu ta zo ta wuce kamar kukan saniya a wata rugar.

Na ce, "Baba, me ya zaunar da kai a nan?"

Ya ce, "Kwana uku na zo yi, ɗana. Wani falke na biyo. Ranar komawa na tsaya sallama da mutanen masauki, kafin in sauko jirgi ya tashi da maigidana da kayana. Na ce in na tara guzuri zan bi na gaba. Ka ga na gaban."

Mai hankali da ya ji wannan da ya zabura. Ni tausayi kawai na ji, har da girgiza kai, ina cewa Allah sarki.

Da jiniya ta uku ta tashi sai na fara sallama, daidai da tsarina. Na gode wa uwargida, na gode wa maƙwabcin da ya leƙo, Baba Tanko ya yi mini addu'a doguwa. Sannan ya kama wani jan zakara ya ɗaure masa ƙafa ya miƙo mini. Na ce a'a, Baba. Ya ce, "Ka kawo mini garinmu a aljihu, in bar ka ka tafi hannu sake?" Wa zai mayar wa dattijo kyauta? Na karɓa. Ya ce sai ya taka mini, ni kuma ba a koya mini in wuce gaban babba ba. Muka gangaro taku ɗai-ɗai, yana tsayawa yana nuna ni ga mutane.

Muna karyo kwana tasha ta bayyana. Wurin da na bar jirgi babu komai sai ruwa. Can gaba na hango shi, fari, kyakkyawa, yana tafiyarsa a natse. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne, "Ja gaba kawai ya yi."

Baba Tanko ya dube ni ya ce, "Wancan ne naka?" Na ce shi ne, amma hulata tana ciki.

Na ga kwas ɗin ya tafi, na ga fuskar mahaifina, na ga mutanen da suka rako ni bakin mota. Na kuma ga kaina da farin gemu a gaban huhun goro, ina jiran wani ɗan Zazzau ya wuce.

Tsohon da yake taku ɗai-ɗai, sai ga shi ya tattare riga yana gudu yana jana. "Ba za a yi biyu ba," yake ta faɗa, "ba za a yi biyu ba." Ashe akwai ma'aikacin tasha da ke raka babban jirgi har ya fita daga mashigi, sannan ƙaramin jirgi mai inji ya je ya ɗauko shi. Wannan ƙaramin jirgin ne yake shirin tashi, mai tuƙa shi kuma ya shekara ashirin yana sayen goro a wurin Baba Tanko. Suka yi magana da yarensu, mutumin ya dube ni, ya dubi zakara, ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba Tanko ya tura ni ciki da hannunsa. Ko sallama ba mu yi ba. Abin da kawai na jiyo shi ne, "Ka ce wa Indo ina nan."

Da muka isa jikin jirgin sai na ga ashe dutse ne na ƙarfe. Aka sako tsanin igiya. Ga babbar riga, ga zakara (ban san dalilin da ya sa ban sake shi ba, har yau ban sani ba). Na cusa shi cikin rigar ta wuya, na fara hawa. Na kai rabi iska ta ɗaga rigar ta kifa mini a ka, ba na ganin komai, tsani na lilo, ina salati. Shi kuma zakara, da ya ji duhu sannan ya ga haske, sai ya leƙo ta hammatata ya yi cara. Sau biyu.

Sai na ji tafi. Na janye rigar na ɗaga kai, ashe duk mutanen jirgin suna jere a gefen ƙarfe, Turawa da baƙaƙe, har da masu ɗaukar hoto. Ma'aikata biyu suka ja ni sama kamar buhun masara. Wani babban jami'i ya yi mini faɗa da Turancin da ban fahimci rabinsa ba, rabin da na fahimta kuma ya ishe ni. 'Yar Ibadan tana share hawayen dariya. Malam Yusha'u, wanda ashe shi ya yi ta roƙon a saurara mini, ya matso ya miƙo mini hulata. Ya duba agogonsa, ya ce cikin ladabi, "Malam, ita wannan carar ta nawa ce? Ta tsoratarwa ce ko ta fara sallama?"

Har muka sauka a Ingila babu wanda ya ƙara kirana da sunana. Zakaran dai mai dafa abinci ya karɓe shi, ni kuma ban tambaya ba.

Da na dawo, kafin in huta na tafi Taba. Na sami Indo a tsakar gida tana shanyar kalwa, na ce mata Tanko yana nan, ya ce a gaya mata. Ta zauna a ƙasa. Sannan ta ce, "To yaushe zai zo?" Na rubuta masa wasiƙa sau uku, amsa ba ta zo ba.

Tun daga lokacin, in mota za ta tashi da azahar, da hantsi nake zuwa tasha, in zauna a cikinta da hulata a kaina. Jikoki suna yi mini dariya, direbobi ma sun san ni. Ba na jin haushi. Na riga na ga mutumin da ya tsaya sallama, kuma da ƙafafunsa na kama nawa jirgin.