Kwat ɗin Mai Ɗaukar Sandar Majalisa

A waɗancan shekarun, layin da ke bayan ginin majalisa jerin shagunan kwano ne kawai: mai gyaran agogo, mai buga takardu, sai shagon ɗinki mai keke biyu a can ƙarshe. A makon da ake magana a kansa, majalisa tana muhawara kan dokar da za ta hana shugaban ƙasa korar lauyan da aka naɗa ya bincike shi. Bisa ƙa'ida, duk zaman da aka yi babu sandar majalisa a kan tebur, ba zama ba ne. Saboda haka ranar karatu na biyu wasu ƙarti suka kutsa zauren don su ɗauke ta. Mai ɗaukar sandar, siririn dattijo da ba a taɓa jin muryarsa a zauren ba, ya kifa a kanta ya rungume, ana ja ana duka, har masu gadi suka iso. Ƙasa duka ta kalla a talabijin. Washegari da hantsi ya shiga shagon ɗinkin, wurin telar, wadda taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, da kwat ɗin aikinsa a hannu.

"Lafiya lau, bawana," in ji telar. "Wai kai ne jiya, ko fuskarka aka ara wa wani?"

"Ni ne, baiwar gidanmu. Tashi ki gai da manya."

"Kai ɗin da zakara ya kora ka hau katanga kana kiran Inna?"

"Zakaran nan ya kai ɗan maraƙi, kowa ya shaida. Karɓi, ki haɗa hannun nan. Gobe da safe nake so."

Ta ware kwat ɗin a kan tebur. Hannun dama ya rabu da kafaɗa, maɓallan sun zube, ga busasshen jini a wuya. Ta ɗago ta dube shi.

"Su nawa ne?"

"Ina na sani? Idona a rufe yake."

"To me ya hana ka saki? Gadon Baba ce?"

"Wallahi hannun ne ya ƙi buɗewa. Abin da ya faɗo mini kawai, in sandar nan ta fita ƙofa, kafin la'asar an kori mai binciken."

"Ikon Allah! Mutumin da matarsa ke buɗe masa kwalbar lemo!"

"Kishi kike yi, don na ƙi aurenki."

"Ka ƙi ni? Ni na ga ƙafafun nan kamar tsinken tsintsiya na ce a kai kasuwa."

Sai ta ninke kwat ɗin ta tura ƙarƙashin tebur. Labari ya riga ya iso layin: shugaban ma'aikatan majalisa ya aika wa dattijon cewa in ya fito gobe, ranar karatu na uku, to ya nemi wani aikin. Kuma ta san ba a barin mai sanda ya shiga zaure babu kwat.

"Ka dawo mako mai zuwa," in ji ta. "Baƙin zare ya ƙare."

"Ga shi can cike da kwali."

"Na wata ne."

"Ki yi da ja."

"Keken ma ba shi da lafiya."

"Yanzu na same ki kina taka shi kamar ana bin ki."

"Kai, ka ji mini tsoho! Saura kaɗan ka yi ritaya. Ka kwanta ka ce baya ke ciwo, ai ba ƙarya ka yi ba. Wani ya ɗauka."

"Mataimakina tun jiya ya kashe waya. In ban je ba, sanda tana kabad, zama ya rushe. To ki riƙe kwat ɗin, da singileti zan shiga."

"Da wannan ƙirjin kamar allon wanki? A talabijin?"

"Har na ɗaga hannu na ce ga aikin telar gidanmu."

Ta fashe da dariya har ta dafa keke, sannan ta share ido da gefen mayafi. Ta jawo kwat ɗin, ta zura baƙin zare.

"Ƙasar nan ta ga masifa isasshiya, ba zan ƙara mata da haƙarƙarinka ba. Zauna. Ɗinki biyu zan yi wa kafaɗar, in sun ja gobe sai dai su tafi da kai gaba ɗaya. Maɓallan kyauta ne, sadaka ga bawa."

Washegari ya shiga da sandar a kafaɗa, 'yan majalisa da dama suka daɗe a tsaye bayan ya ajiye ta, dokar kuma ta wuce. Kafin ƙarshen watan aka sallame shi daga aiki. Ƙarar da ya shigar tana gaban kotu har yau, rahoton mai binciken kuma an miƙa shi ga majalisa, amma ba a karanta shi a zaure ba tukuna.