Gishirin Yaya Talatu

Ba zan taɓa mantawa da makon bikin 'yata Rabi ba, shekarar da gero ya yi kyau a ƙauyenmu na gefen Minjibir. Rabi tana karatun kwamfuta a Kano, sai ta haɗa mana 'yar manhaja mai jerin matan dangi da aikin kowa: mai daka, mai tankaɗe, mai miya. Duk mai babbar waya ta sa mata.

Ni kuwa bokona na yaƙi da jahilci ne. Abin da na sani, malama ta raba takarda, ki yi gyara a taki, ba ruwan ta wata. Sai na taɓa sunan Yaya Talatu, yayar maigidana, wadda ke miyar kowane biki tun kafin a kawo ni gidan, kuma in ta yi fushi rabin dangi sai su bi ta. Na goge "miya", na sa "wanke-wanke". Don kar in manta dalili na ƙara da "gishirinta ya yi yawa". (Har daɗi na ji, ban kuskure harafi ko ɗaya ba.)

Washegari da hantsi mata sun cika tsakar gida, sai ga Yaya da ludayinta. Ta miƙo min waya; tun da aka kawo ni gidan Amarya take kirana.

"Amarya, ke ce mai boko. Karanta min abin da ke gaban sunana."

Na karanta. Muryata ba ta da ƙarfi, amma ranar har na zaure sun ji. Ga sunan mai gyaran a ƙasa, nawa.

Rabi ta raɗa min, "Inna, ba gero na auna wa kowa a kwaryarta ba, rumbu ɗaya na nuna muku. A aikinmu akwai abin da ake ba ki kwafinsa, akwai wanda hanyar zuwa wurinsa ce kawai a jerin. Kin taɓa shi, kin taɓa na kowa."

Na durƙusa. Yaya ta nuna ni da ludayinta.

"Shekara ashirin kina sha kina cewa madalla! Tashi, munafuka, ke za ki riƙe gishirin."

Haka muka yi miyar, tana motsawa ina barbaɗawa, tana zagina muna dariya. Miyar ta yi lami, kowa ya san laifin waye.

Allah ya jiƙan Yaya. Yanzu kafin yatsana ya taɓa komai sai na tambaya: wannan nawa ne, ko namu?