Gurbin Marigayi Haladu

A zaman makokin kawunmu Haladu aka yi wannan, Allah ya jiƙansa da rahama. Masinja ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ƙaninsa, Kawu Tsalha, a kamfanin takalman roba yake aiki, kuma tun marigayi na da rai ba ya barinsa ya sha ruwa da gori: wai albashin kamfani ya ninka na gwamnati, wai abin da ake ba su Haladu ƙarshen wata sadaka ce kawai aka canza mata suna.

Ranar addu'ar uku sai ga manajan su Tsalha. Ya yi doguwar addu'a, ya ci waina, ya kora da kunu. Da Tsalha ya raka shi bakin mota, sai manajan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Kwanakin nan da ba ka zo ba za a yanke su a albashinka. Gobe kuma in aka busa jiniya ba ka ciki, akwai mai jiran injinka."

Tsalha ya komo rumfa. Bai gama zama ba sai wayar marigayi, wadda ke aljihun Tsalha, ta yi ƙara. Ya duba. Albashin Haladu ne ya shigo cif, har da kuɗin motar zuwa aiki.

Ya dubi wayar, ya dubi hanyar maƙabarta. Sai ya ja jiki ya matsa kusa da Alhaji Badamasi, shugaban sashen marigayi.

"Ranka ya daɗe, ashe ba a sanar da ofis rasuwar ba?"

"Kamar yaya? Ba ga ni zaune ba? Da ni aka ɗauki makara."

"To, ga albashinsa ya shigo."

"Ai wata ya ƙare, Tsalha. Me kake so ya shigo?"

Tsalha ya rage murya. "Ni da raina an yanke mini, shi yana kwance an biya shi har da na mota. Don girman Allah ka fitar da ni daga kamfanin nan. A ba ni gurbin Yaya. Wallahi kullum zan riƙa zuwa."

Alhaji Badamasi ya dube shi sama da ƙasa, ya ɓare goro, ya ce, "Wane gurbi kuma? Haladu rasuwa ya yi, ai bai yi ritaya ba."